Kwana 7 Na Koyo, Shekara 65 Na Tunawa: Lissafin Garkuwar Jiki

Lokacin da muke yara, idan ɗayanmu ya yi tuntuɓe a wajen ƙwallo har ɗan yatsa ya yi gyambo, bayan kwana biyu ko uku sai ka ga ya fara ɗingishi, wani ƙullutu mai zafi ya fito masa a matsematsin cinya. Kakarmu takan sa yatsu biyu ta laluba wurin, ta ce, "Kaluluwa ce, ɗan nan. Ina ciwon yake? Miƙo ƙafar in gani." Kuma kullum sai an sami ciwon. A wajenta kaluluwa 'yar aike ce kawai. Gyambon ake wankewa da ruwan gishiri, ita kuwa ta sace da kanta.

Ta yi daidai. Jikin mutum yana da irin waɗannan 'yan tashoshi kimanin 500 zuwa 600, a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ƙirji da ciki. Kumburin da yaro ke ji taron gaggawa ne. Ƙwayoyin garkuwa ne suka cika tashar maƙil, wasu na shigowa daga jini, wasu na rabuwa biyu-biyu, duk a kan baƙon da ya shigo ta gyambon nan.

Garkuwar jiki hawa biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita a shirye: fata, da majina, da zazzaɓi, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba. Wannan kamar 'yan sintirin unguwa take. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i ta isa wurin, amma ba ta riƙe fuska, ɓarawon jiya in ya dawo gobe sabo ne a wajenta. Hawa na biyu shi ne garkuwa mai koyo. Tana da nawa, amma tana tantance ƙwayar cuta ɗaya daga cikin dubbai, ta ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, sannan ta adana labarinta. A kan wannan ta biyun alƙaluman da ke tafe suke. Abin da ya sa na tattaro su shi ne, ranakun da ke rubuce a katin rigakafin yara, waɗanda da yawanmu ke ɗauka tsarin ma'aikatan asibiti ne kawai, daga lissafin wannan garkuwa aka ciro su.

Yawan rundunar

Masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, ƙarƙashin Ron Milo, sun ƙiyasta a 2016 cewa jikin babban mutum mai kilo 70 yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma kashi 84 cikin 100 jajayen ƙwayoyin jini ne. A 2023 suka ƙirga na garkuwa kaɗai, suka sami kimanin tiriliyan 1.8, nauyinsu gaba ɗaya wajen kilo 1.2, wato kusa da nauyin ƙwaƙwalwar mutum. Kimanin kashi 40 cikin 100 na wannan adadi su ne limfosait, ma'aikatan garkuwa mai koyo. Biliyan 700 ke nan da 'yan kai.

Duk wanda ya taɓa karɓo takardar gwajin jini ya ga layin fararen ƙwayoyin jini. A mai lafiya suna tsakanin 4,000 da 11,000 a kowane maikirolita, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, kuma kashi 20 zuwa 40 cikinsu limfosait ne. Mu ɗauki 2,000 a ɗigo, mu ninka da lita 5 na jinin babban mutum, za mu sami biliyan 10. A gwada da biliyan 700 ɗin can, ba a kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran duk suna zaune a kaluluwa, da saifa, da ɓargo, da bangon hanji. Gwajin jini kamar ƙirga mutanen gari ne ta hanyar duba waɗanda ke kan titi da tsakar rana.

Limfosait gida biyu ne, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Sunan B daga kaza ya fito. A 1956 Bruce Glick, a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ya gano cewa tsakin da aka cire musu wata 'yar jaka da ke kusa da dubura, mai suna bursa, ba sa iya yin antibodi, makamin da garkuwa ke ƙerawa don kama ƙwayar cuta. A mutum, cikin ɓargo waɗannan ƙwayoyi ke girma. T kuwa daga taimus ne, wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a Landan a 1961. Max Cooper ya haɗa labarin biyu a 1965, ya nuna gidajen biyu daban suke. Yau an san B ke ƙera makami, T ke ba da izini, kuma su ke kashe ƙwayar jikin da cuta ta riga ta shige cikinta.

Maƙerin da bai ga kwaɗon ba

Ga tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Umarnin gado da ake bi a gina dukan furotin na jikinmu kimanin 20,000 ne. To ta yaya jiki ke samar da makami na musamman ga cutar da kakanninmu ba su taɓa haɗuwa da ita ba, irin koronar da ta ɓulla a 2019?

Susumu Tonegawa, ɗan Japan da ke aiki a birnin Basel na Suwizalan, ya ba da amsa a 1976, aka ba shi kyautar Nobel a 1987. Antibodi furotin ne mai siffar gwafa, bakunansa biyu ke cafke ƙwayar cuta. Kowane baki an yi shi da silsila biyu, babba da ƙarama. Ƙwayar B ba ta gaji umarnin yin bakin nan a haɗe ba, guntu-guntu ta gada, a kwanduna daban-daban, kuma kowace sabuwar ƙwaya takan ɗauki ɗaya daga kowane kwando ba tare da zaɓi ba. Na babbar silsila kwando uku ne: na farko yana da kimanin guntu 40, na biyu 23, na uku 6. A ninka 40 da 23 da 6, an sami 5,520. Ƙaramar silsila iri biyu ce, ɗaya na ba da kimanin 200, ɗaya 120, jimilla 320. A ninka 5,520 da 320, an sami 1,766,400.

Wannan somin taɓi ne. A wajen haɗa guntayen, ƙwayar takan ɗan yanke bakin wannan, ta ƙara wasu 'yan haruffan gado a na wancan, kuma ba ta maimaita abin da ta yi jiya. Da wannan kaɗai, siffofin da za su iya fitowa sun haura zuwa gomman tiriliyoyi, sun fi yawan limfosait ɗin da ke jikin mutum nesa ba kusa ba. Shi ya sa babu wanda ke ɗauke da duka, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya ba su da rumbu iri ɗaya.

A ƙaddara maƙeri ne da ke zaune yana buga 'ya'yan makulli dare da rana, kowanne da irin haƙoransa, bai kuwa taɓa ganin kwaɗon da za su buɗe ba. Mafi yawa za su tsufa a rataye. Amma saboda yawansu, da wuya a kawo kwaɗon da ba a sami wanda ya shige shi ba. Kowace ƙwayar B makulli ɗaya tak take riƙe da shi, haka ma kowace ƙwayar T.

Haɗarin wannan dabara a fili yake: wanda ke buga makullai a makance, wata rana zai buga na ɗakinsa. Saboda haka ƙwayoyin T sai sun bi ta makarantar taimus, inda jarrabawa biyu ke jiran su. Wadda ba ta iya gane alamun jikin da take ciki ba, ta faɗi. Wadda ta kama naman jikin da ƙarfi kamar abokin gaba, ita ma ta faɗi. Faɗuwa a nan mutuwa ce. Cikin kowace 100, tsakanin 2 da 5 ne ke fita da rai. Ko bayan haka akwai wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, da ke kwantar da 'yan uwansu idan suka juya wa jiki. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a 1995, kuma a kan wannan fanni aka ba shi Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Inda tsaron nan ya sami ɓaraka, a nan ake ganin cututtuka irin su ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda garkuwa ce da kanta ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin.

Ƙwayar T ba ta ganin cuta a dunƙule. Kusan kowace ƙwaya ta jiki tana ɗauke da wani faifai a bayanta, kamar 'yar talla, tana baje ƙananan gutsattsarin abin da ke cikinta. In akwai bairos a ciki, gutsurensa zai fito a faifan, T mai kisa ta gani ta gama da ita. Peter Doherty da Rolf Zinkernagel suka gano haka a Ostireliya a 1974, suka karɓi Nobel a 1996. Ana kiran faifan HLA. Mutum na gadon irinsa uku daga uwa, uku daga uba, kuma an rubuta nau'o'in HLA fiye da 30,000 a tsakanin 'yan Adam. Iyalan masu sikila da suka taɓa bincikar dashen ɓargo sun san abin da wannan ke nufi: damar ɗan uwa shaƙiƙi ya dace da majinyaci gaba ɗaya 1 ce cikin 4. Kuma a 1991 wani bincike da Adrian Hill ya jagoranta a kan yaran Gambiya ya nuna cewa wani nau'i mai suna B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana rage haɗarin maleriya mai tsanani da kimanin kashi 40 cikin 100.

Tsere

Nan ne zuciyar lissafin. Ranar da sabuwar cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin da ke riƙe da makullinta 'yan ƙalilan ne, kamar 1 cikin 100,000 zuwa 1 cikin miliyan. Sai an kai gutsuren cutar kaluluwa mafi kusa, an baje shi, limfosait na wucewa suna gwadawa, har a dace da mai shi. Wannan kaɗai kan ci kwana biyu ko uku. Da an same ta sai ta fara rabuwa, kowace sa'a 6 zuwa 8. Masanin Ostireliya Macfarlane Burnet ne ya tsara wannan fahimta a 1957: cuta ce ke zaɓen wadda za ta yaƙe ta, jiki kuma ya yi ta buga kwafinta.

Mu lissafa da sa'a 8. Rabuwa 3 a rana, 21 a mako. Ɗaya ta zama 2, ta zama 4, ta zama 8, a rabuwa ta 10 an wuce 1,000, a ta 21 an kai 2,097,152. A zahiri ba a kaiwa can, saboda jinkirin farko da kuma birkin da jiki ke takawa, amma ninki 10,000 zuwa 50,000 cikin mako guda abu ne da aka auna a ƙwayoyin T masu kisa. Ƙwayoyin B kuma wasunsu kan rikiɗe su zama masana'anta, kowace na fitar da antibodi kimanin 2,000 a daƙiƙa guda, fiye da miliyan 170 a rana. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in dai an ba shi lokacin taruwa.

To ga ɗaya ɓangaren. Wasu bakteriya, idan suka sami wuri mai daɗi, suna rabuwa kowane minti 20. Rabuwa 21 ɗin da limfosait ke buƙatar kwana 7 ta yi, su sa'a 7 ta ishe su. Wannan giɓi, tsakanin sa'a 7 da kwana 7, shi ne filin da ake rasa rayuka. Sanƙarau na iya kashe yaro cikin sa'a 24, alhali antibodi na farko ba ya bayyana a jini sai bayan kwana 5 zuwa 10, ya kai ƙololuwa wajen mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya 1 na mutuwa, cikin 5 kuma 1 na tashi da lahani mai tsanani, kamar kurumta.

In an ci yaƙin, kashi 90 zuwa 95 na rundunar da aka tara sukan mutu, kaluluwa ta sace. Kashi 5 zuwa 10 da suka rage su ne masu tunawa. Sun ninka adadin farko sau ɗaruruwa, ba sa buƙatar dogon lallashi, kuma makullinsu ya fi na da kama kwaɗon, domin a cikin kaluluwa ƙwayoyin B kan yi ta gyara haƙoran makullinsu, wanda ya fi dacewa shi ake bari ya hayayyafa. Idan cutar ta dawo, cikin kwana 1 zuwa 3 an tare ta, sau da yawa mutum bai ma san ta zo ba. Allurar rigakafi aikinta ke nan: a nuna wa jiki kwaɗon tun babu ɓarawo, ya cinye kwana bakwai ɗinsa na koyo cikin kwanciyar hankali.

Sanƙarau da mai ba da izini

Ƙwayar B ba ta cika zama mai dogon tunani ita kaɗai ba, sai T mataimakiya, wadda ake kira CD4, ta sa mata hannu. Ƙasar Hausa ta ga amfanin wannan ilimi da idonta. A annobar sanƙarau ta 1996, Nijeriya kaɗai ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa. Allurar da ake da ita a lokacin an yi ta ne da ɓawon sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar. Ƙwayoyin T ba sa karanta sukari, furotin suke karantawa. Don haka B kan yi antibodi na ɗan lokaci ba tare da izini ba, kariyar ta gushe cikin kimanin shekara 3, a yara 'yan ƙasa da shekara 2 kuma ba ta cika kamawa ba.

Sai aka ɗaure sukarin nan a jikin wani furotin da aka samo daga gubar tetanus da aka kashe wa dafi. B ta haɗiye su tare, ta baje gutsuren furotin a faifanta, T ta gani ta ba da izini, tunawa ta kafu. Wannan ita ce MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi a kan ƙasa da santi 50 na dalar Amurka kowace allura. An fara ta a Disambar 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta shigo Arewacin Nijeriya a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Chadi, yankunan da aka yi wa allurar sun ga sanƙarau ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 a kakar 2012 idan aka gwada da inda ba a yi ba. Nau'in A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobobin da, ya kusa ɓacewa.

Amma makullin A ba ya buɗe kwaɗon C. Nau'in C ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai haɗe da nau'i 5.

Wannan CD4 ɗin ita ce ƙwayar HIV ke nema ta shige. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a kowane maikirolita. Idan suka faɗo ƙasa da 200, B na nan, T mai kisa na nan, amma babu mai sa hannu, sai tarin fuka da cututtukan da a da ba su isa su yi komai ba su sami ƙofa. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar. Tun 2015 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara magani da zarar an gano, ba sai lambar ta faɗi ba, kuma da magani lambar kan sake hawa.

Tsawon tunawa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Garkuwa mai koyo ta fi haka nutsuwa, ainihin macijin take riƙewa. Har tsawon wane lokaci?

A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, can arewacin Turai tsakanin Nowe da Aislan, ta hannun wani kafinta da ya dawo daga Kwafanhagan. Rabon tsibiran da cutar tun 1781. Cikin mazauna 7,782, kimanin 6,000 suka kwanta. Wani matashin likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya bi ƙauye-ƙauye yana rubutawa, ya sami tsofaffi 98 da suka yi ƙyanda a annobar farko. Babu ko ɗaya cikinsu da ya sake kamuwa. Shekara 65, ba tare da jikinsu ya sake ganin cutar ba ko sau ɗaya. A 2008 kuma an ɗibi jinin mutum 32 masu shekara 91 zuwa 101 da suka rayu a zamanin murar 1918, aka tarar har lokacin jininsu na kashe kaifin wannan bairos. Wasu ƙwayoyin masana'antar nan kan koma cikin ɓargo su zauna, suna ɗiga antibodi a jini shekara da shekaru. In aka ce abu ya shiga ɓargo, a nan maganar ta tabbata.

Sai dai ba kowane darasi ke zama daidai ba. A 2007 masu bincike a Oregon ta Amurka sun bi jinin mutum 45, wasu har tsawon shekara 26, suna auna lokacin da antibodi ke ɗauka kafin ya ragu da rabi. Na ƙyanda lissafi ya ba da fiye da shekara 3,000, ma'ana ba a ganin raguwarsa a rayuwar mutum. Na mashaƙo shekara 19. Na tetanus shekara 11. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita allurar tetanus ga mata masu juna biyu, har sau 5 a rayuwa, kuma ya sa mashaƙo ke samun mu da sauƙi idan aka yi sakaci, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da ta fara a 2022, wadda Kano ta fi ko'ina ɗanɗana kuɗarta.

Maleriya kuwa, da ake yi a warke a sake yi, laifin ba na mantuwa ba ne. Bairos ɗin ƙyanda umarnin gado 6 gare shi, riga ɗaya yake sawa a duk duniya. Ƙwayar maleriya mai kisa tana da fiye da 5,000, kimanin 60 daga ciki na canza riga ne kawai. Kafin jiki ya gama ƙera makullin wannan, ta sa wata. Sai bayan kamuwa da yawa mutum ke tara abin da zai rage masa tsanani, shi ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa da maleriya a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Allurar maleriya ta R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 sau 4 ake yin ta, kuma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba.

Katin

Jariri na zuwa duniya da aron garkuwa. A watanni ukun ƙarshe na ciki, antibodi nau'in IgG, wanda shi ne kimanin kashi 75 cikin 100 na antibodin jini, yana tsallakawa ta mabiyiya, har jaririn da ya cika wata tara kan fito da adadin da ya kai na mahaifiyarsa. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, cike yake da wani nau'in, IgA, mai shafe hanjin jariri. Zubar da shi asara ce babba.

Aro dai aro ne. Uwa ta ba da makamin, ba ta ba da maƙeran ba. IgG kan ragu da rabi cikin kimanin mako 3 zuwa wata guda. Mu ɗauki wata guda: bayan wata 1 saura rabi, wata 3 saura 1 cikin 8, wata 6 saura 1 cikin 64, wata 9 saura 1 cikin 512. Allurar haɗin cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tetanus, ana yin ta a mako 6 da 10 da 14, domin jariri ya fara ƙera nasa kafin aron ya ƙare, kuma tazarar mako 4 lokaci ne da ake ba kaluluwa ta kammala zagaye guda kafin a sake tuna mata.

Ta ƙyanda ta fi wuyar sha'ani. In an yi ta da wuri, ragowar antibodin uwa zai kashe allurar kafin jikin yaro ya koya. In an jinkirta, cutar na iya riga allurar zuwa. Wata 9 tsaka-tsaki ne da aka zaɓa wa ƙasashen da ƙyanda ke yawo. Na taɓa jin wata uwa a layin rigakafi, goye da ɗanta, katin a naɗe cikin leda, tana cewa, "Malama, ai an yi masa ta ƙyanda tun kafin azumi, ta mece ce kuma wannan?" Ma'aikaciyar ta ce, "Maman yaro, ta farko ba kowa take kamawa ba." Gaskiya ta faɗa. A wata 9, kimanin yara 85 cikin 100 ne allurar ke kamawa. Sauran 15 suna da tambarin asibiti a kati, amma jikinsu bai koyi komai ba, kuma babu mai gane su da ido. Ta biyu, a wata 15, don su ake yin ta. Da biyun, kariya na kaiwa kimanin kashi 97.

Ƙyanda ba ta da sassauci a lissafi. Mai ita ɗaya na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda babu mai kariya, bairos ɗin na iya zama a iskar ɗaki har sa'a 2 bayan majinyaci ya fita. Don a tare ta, sai kimanin kashi 95 cikin 100 na jama'a sun sami kariya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 54 na yaran Nijeriya masu wata 12 zuwa 23 an yi musu allurar ƙyanda. A ninka 54 da kashi 85, abin da ya rage kimanin 46 ne. A wannan binciken, yaran da suka kammala dukan alluran farko kashi 31 ne a ƙasa baki ɗaya, 76 a Anambra, 5 a Sakkwato. Waɗannan lambobi suna ci mini rai, domin kowace ɗaya yaro ne mai suna.

Har yanzu akwai masu cewa a bar yaro ya yi baƙon dauro ya huta, tunda ba a yin sa sau biyu. Tsofaffin Faro sun tabbatar ba a yi sau biyu, amma ga kuɗin da ake biya. Bairos ɗin ƙyanda ƙwayoyin tunawa yake shiga ya kashe. A 2019 Michael Mina da abokan aikinsa sun auna jinin yara 77 a ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba, kafin ƙyanda da bayanta. Sun rasa tsakanin kashi 11 da 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suka tara a kan wasu cututtuka. Yaran da aka yi wa allura ba su yi wannan asara ba. Wannan ya fassara abin da iyaye mata suka daɗe da sani, cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda sai gudawa, sai ciwon haƙarƙari, sai rama, wata da watanni. Kafin allurar da aka samar a 1963 ta yaɗu, ƙyanda na kashe kimanin mutum miliyan 2.6 a shekara a duniya. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 107,500, mafi yawansu ƙananan yara da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba.

Mai karatu, in akwai ɗan ƙasa da shekara 2 a gidanku, ko a gidan ƙanwarka ko maƙwabcinka, a ciro katin yau a duba layin ƙyanda. In wuri ɗaya kaɗai aka cike alhali yaro ya kai wata 15, a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar rigakafi. Kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati, kuma ko an makara ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.